Abin da Ya Faɗa wa Ƙudan Zuma

…da ba don ta ce a buɗe taga ba, da zama zai yi. Zama kawai. Nan a kan matakala, ya jingina kansa da bango, ya bar ƙafafun nan su huta, ya yi ta sauraron muryarta ta bayan ƙofa har rana ta faɗi. Muryarta fa. Damaris tana magana. Damaris har tsiwa take yi, yarinyar da jiya da yamma limamin coci ya gama yi mata addu'ar bankwana, ya rufe littafinsa, ya fita yana sanɗa.

Ta rayu. A sake faɗa. Ta rayu.

Amma ta ce a buɗe taga. Tagar kuwa lambu take kallo, a ƙarshen lambun kuma…

Yi sauri, Barnabas. Wane sauri? Ƙafar hagu a kumbure, sanda tana nutsewa cikin tsakuwa, raɓa ta jiƙa takalman cikin gida da ya fito da su. Shi ya shata wannan hanya da hannunsa tun kansa bai yi furfura ba, ya ja igiya ya miƙe ta sak daga ƙofar gida zuwa jerin amyoyin zuma, don duk wanda ya tsaya a tagar bene ya hango ƙarshenta ba abin da ya tare masa. Har a littafinsa na lambu ya sa: ido yana son hanya miƙaƙƙiya. To, ga ta nan. Ido zai samu abin da yake so.

Ko shi da ya baro tabarau a kan tebur yana hango su. Baƙi… baƙi… baƙi. Kowace amya da baƙin ƙyallenta, sun jeru kamar tsuntsayen da suka ji warin mushe.

Wa ya ɗaura? Kai ka ɗaura. Barnabas Thorley, mai littafi a kan itatuwa, mai wasiƙa da masana har ƙetaren teku. Kai.

Jiya da la'asar ne. Likita Wray ya sauko daga bene yana goge hannu, bai yarda sun haɗa ido ba. "Yallaɓai, ni dai na yi iyakar yina. Agana ta koma ciki. Ba na jin za ta ga gobe." Shi ke nan, ya nemi hularsa. To me mutum zai yi da hannuwansa bayan wannan? Matarsa Dorcas tana da bakin gado, tana da tsumma da ruwa, tana da abin yi. Shi kuwa ya shiga ya tsaya a kansu, ɗakin a rufe ruf, wuta tana ci a murhu cikin tsakiyar bazara, jajayen labulaye an zagaye gado da su an toshe taga, wai ja yana jawo ciwon waje… Dorcas ko ɗago kai ba ta yi ba. "Fita, Maigida, don Allah. Nishinka ya fi nata."

Ya fita.

Shi mutum ne mai yin abu kafin lokacinsa, laifinsa ke nan in laifi ne. Yana rufe itatuwan lemo tun sanyi bai leƙo ba. Yana tanadin irin baɗi tun na bana bai nuna ba. Gobe ba zan iya ba, haka ya ce wa kansa, gobe ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba, gida zai cika da mata da kuka, a manta… a manta kamar wancan karon. Sai ga almakashi a hannunsa. Sai ga tsohuwar alkyabbar makoki a kan tebur, yana yanka ta dogo-dogo, daidai wa daida, har yana auna faɗin da ɗan yatsa. Aunawa! Ya Ubangiji, har aunawa ya yi.

Hannun kakarsa mai kaushi, ta riƙe nasa, ranar da kakansa ya cika. Mabuɗin ƙofar gida a ɗaya hannun. "Zo ka gani, ɗan nan, wata rana kai za ka yi. Zuma 'yan gida ne. In aka yi rasuwa ba a sanar da su ba, fushi suke yi, su tashi su bar maka kangon amya. A ƙwanƙwasa da mabuɗi, a faɗa a hankali, a ɗaura musu baƙi su ma su yi makoki." Ta sunkuya kamar mai raɗa wa maƙwabciya… Shi kuma ya girma, ya je Landan, ya tsaya gaban majalisar masana ya kira abin camfin tsofaffin mata. Suka yi dariya har suna buga tebur. Daɗi ya ji. Me zai hana ya ji?

Da Jasper ya rasu bai faɗa musu ba. Ɗansa na fari, mutum har da gemu, zazzaɓi ya ɗauke shi kamar an hure fitila. Bai faɗa ba. Da ƙanƙara ta narke ya ɗaga amyoyi ya tarar ba kowa, sai 'yan gawarwaki a ƙasa kamar ƙaiƙayi. Sanyi ne mana. Shekarar da kogi ya daskare har aka gasa bijimi a kansa, wace zuma ce za ta kai labari? Ya bayyana wa Dorcas dalla-dalla. Ta ci gaba da ɗinkinta. "Sanyi ne, Maigida. Tun da kai ka faɗa."

Kuma sanyin ne. Har gobe sanyin ne. To me ya kai shi jiya?

Tsaya. Numfasa. Ga wake ya yi fure, ga zuma nan a kai tun da sassafe, suna shiga suna fita, ko a jikinsu. An ce muku 'yar gida ta mutu, ku kuwa kuna kan furen wake? Madalla da ku. Madalla… wataƙila ba su yarda ba. Wataƙila sun fi shi hankali.

Jiya, a amya ta farko murya ta ƙi fita. Ya ƙwanƙwasa, ya buɗe baki, iska kawai. A ta biyu ta fito a karye. Damaris ta rasu. Ya ɗaura, ya matsa. Damaris ta rasu. Ya ɗaura, ya matsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kafin ya kai ta ƙarshe baki ya saba. Sumul ta fito, kamar yana gaya wa mai aikin lambu a kwashe taki. Tana can sama tana numfashi, shi yana nan ƙasa yana… Kundinsa kuwa, wanda tun yana saurayi ba ranar da ta wuce bai rubuta mata ko layi ɗaya ba, ruwan sama, farashin hatsi, wa'azin Lahadi, wanda ya zo da wanda ya tafi, shafin jiya fari fat. Ya tsoma alƙalami ya ɗaga, tawada ta bushe a bakinsa. Alƙalami ya fi shi kunya.

Sai da gari ya waye tangaran ya ji ƙafar Dorcas a matakala. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga don ya karɓi labarin a tsaye. Ta tsaya a kansa, gashi a barbaje, idanu kamar garwashi. "Ka zo ka ji rashin kunya. 'Yarka ta ce yunwa take ji."

Bai gane ba. Wallahi bai gane ba. Yunwa?

Zazzaɓi ya sauka, gumi ya jiƙa zanen gado sharkaf. Fuskar ba ta ganuwa don ƙuraje, idanu a kumbure a liƙe, amma kan ya juyo wajen ƙofa. "Baba ne? Na ji warin taki." Dorcas ta fashe da wani abu, dariya ne ko kuka, ta toshe baki da gefen riga. "Umma, burodi da man shanu. Ba kunun nan naku ba. Kuma a buɗe mini taga, kun gasa ni kamar kazar biki." Likita Wray, da ya dawo da dare aka tashe shi daga kujera, yana ta latsa hannunta yana girgiza kai, kamar wanda aka yi wa rashin adalci. "Ban san yadda aka yi ba, Yallaɓai. Rai kam ya tsira. Idanun ne ban sani ba, sai an wanke an buɗe." Idanu. Wa ke ta idanu? Tana numfashi, tana neman burodi!

"Bari in jiƙa mata su da madara mai ɗumi, su saki," in ji Dorcas, "sa'an nan a ɗaga labulen, ko Likita ya so ko ya ƙi."

Labulen. Tagar. Sai ya ji kamar an zuba masa ruwan rijiya a ƙeya.

"Ina kuma za ka, Maigida? 'Yarka ta dawo daga bakin kabari, kai za ka gaida kabeji?"

Ya ɗauki sanda ya yi waje. Me zai ce? Dorcas ba ta leƙa waje ba tun da ciwon ya fara. Ba wanda ya sani. Shi da zuma kawai.

Ga amya ta farko. Ajiye sanda. A'a, kada ka ajiye, da me za ka tashi? Jingina ta. Ƙullin… kai! Ƙullin masu auren itace ya yi, irin wanda yake ɗaure reshen tuffa da shi don ya shekara iska ba ta kwance ba. Raɓa kuma ta shiga ta kumbura shi. Wuƙa. Ina wuƙa? Wuƙar da ba ta rabuwa da aljihunsa, yau tana cikin ɗaya rigar, a rataye a bayan ƙofa. Mabuɗi ne kawai a nan, tun jiya, mai nauyi, mai sanyi. A sa bakinsa cikin ƙullin. A murɗa. Haka… haka. Ya saki.

Ƙyalle ɗaya ya fita. Cusa a aljihu.

To sai a ce musu me? Kaka ba ta koya masa wannan ba. Ba wanda ya taɓa koya wa kowa. Ya karanta duk abin da magabata suka rubuta a kan zuma, da Latin da Girkanci, yadda ake kama su in sun tashi, yadda ake musu hayaƙi, yadda ake gane sarkinsu. Ba ko ɗaya da ya ce ga yadda ake janye mutuwa. Wa zai rubuta? Wane uba ne zai buƙata?

Ƙwanƙwasa dai.

Ku gafarce ni. Ƙarya na yi muku jiya. A'a, ba ƙarya ba… gaggawa. Tana nan. Damaris tana nan. Ta nemi burodi da man shanu.

Ji yadda ta fito. Ta nemi burodi da man shanu! Wani abu yana tasowa daga cikinsa, yana girgiza kafaɗunsa, dattijo a sunkuye gaban kwandon kara yana dariya hawaye na bin gemunsa. Da mutanen Landan za su leƙo ta kan shinge yanzu… su leƙo mana. Su buga tebur. Ya faɗa a kowace amya, ya faɗa da ƙarfi, ya faɗa wa kabejin ma in Dorcas tana so.

Ta gaba. Murɗa. Wash! Harbi, a bayan hannu. Ba komai, hakkinku ne. Na tashe ku jiya da mugun labari, na dawo yau ina jijjiga muku ɗaki. Kankare ƙarin da farce, kada a matse. Damaris ce take cewa haka, Baba kada ka matse, kullum sai ka matse. Ita ba sa harbinta. Tun tana 'yar mitsitsiya take shiga tsakaninsu ba mayafi, suna sauka a gashinta, uwarta tana ihu daga kicin. Ranar auren 'yar ƙanwarsa ita ta bi amyoyin nan da farin ƙyalle tana ba su labari, har da sunan ango da yawan gonarsa, wai kada su ji a bakin wasu. "Baba, ka juya baya in camfi yana maka ƙaiƙayi."

Ta san al'adar. Matsalar ke nan. Wata yarinyar sai a ce mata ai tsummoki ne na korar tsuntsu. Damaris kallo ɗaya za ta yi. Baƙi a kan amya, a gidan da ita kaɗai ta rage… Baba ya riga ya binne ni. Ba za ta faɗa ba. Ko ta faɗa da wasa, a teburin cin abinci, shekara da shekaru, tana dariya, shi yana jin wuƙar a ƙarƙashin dariyar. Umma ta zauna, Baba ya tafi yankan ƙyalle. Gaskiya ne kuma. Me zai ce? Ina sonki har na kasa jira? Wace irin magana ce wannan?

Sauri. Madara ba ta daɗewa a wuta.

Wannan ya fi taurin kai. Yatsun sun ƙi lanƙwasa, hannun ya fara kumbura. Haƙori? Waɗanne haƙora? Murɗa ta ɗaya gefen. Tana nan, kun ji, tana nan, na yi kuskure. Fuskar za ta yi zanzana, wannan ba makawa. To sai me? Saurayin nan na gidan Ashby mai zuwa aron littafi yana mayarwa bai buɗe ba, in zanzana ta kore shi, Allah ya raka taki gona. Ta zauna. Ta ci gaba da kwafe masa babin itatuwan goro da suka tsaya a kai, tana gyara masa Latin a gefen takarda da ƙananan haruffan nan nata masu kama da sawun tururuwa. "Baba, nan ka rubuta abu ɗaya sau biyu, ko don mai karatu ya yi barci sau biyu ne?" Wa zai ƙara yi masa haka? Jiya ya ɗauka ba kowa. Jiya ya tsaya a ɗakin karatu ya ga alƙalaminta a inda ta ajiye, ya juya shi ya fuskanci bango.

Aljihu ya cika. Saura nawa? Kada ka ƙirga, yi dai. Rana ta hau kan shinge, ta bugi bangon gida, ta bugi tagar… har yanzu ja. Har yanzu a rufe. Godiya ga Allah. Dorcas ba ta gaggawa, za ta jiƙa, ta jira, ta sake jiƙawa. Fatar idon ta liƙe kwana da kwanaki, ba za ta saki da wuri ba. In ma ta saki, daga can zuwa nan da nisa, mai ciwo kuma, hasken zai kashe mata ido. Wataƙila ma ba za ta…

Wataƙila ma ba za ta gani ba.

Me ka ce?

Barnabas. Me ka ji yanzu? A ƙirjinka, nan, ɗan sanyin nan da ya ratsa, kamar an sauke maka kaya. Daɗi ka ji? Ka ji daɗi don wataƙila 'yarka ba za ta…

A'a. A'a, Ubangiji, ban nufa ba. Kada a rubuta. Jiya na yi gaggawa da baki, yau kuma… Idanun ne ban sani ba. Haka Likita ya ce, a gabansa, da Turanci mai kyau, shi kuwa ya tsallake maganar kamar kududdufi ya runtumo lambu ceton mutuncinsa. Idanun Damaris. Matar mai gidan burodi ta ƙauye, agana ta bar ta da rai, ta bar mata fararen duwatsu biyu a fuska, jikarta ke jan ta zuwa coci. Ƙananan haruffan nan. Yadda take hango sarkin zuma cikin dubu tun shi yana laluben tabarau, ga shi can, Baba, ga shi can, kai, ya wuce…

Ta ƙarshe ke nan a gabansa. Amyar gilashi, wadda ya sa aka ƙera masa don a riƙa kallon aikinsu ba a fasa musu gida ba, ita ce a tsakiyar hanya sak, ita ido ke fara sauka a kai. Damaris ke goge gilashin. Nan ya fi ɗaurewa tamau, nan ya sa ƙyalle mafi faɗi. Mabuɗi yana cikin ƙullin. Murɗawa ɗaya, biyu, zai fita.

Ƙarar ƙarfe daga sama. Sakatar taga. Ya san kukanta, shekara nawa yana cewa a sa mata mai.

Murɗa mana.

Hannun ya ƙi.

In ya cire, ta leƙo, ta ga lambu lafiya lau, ko ba ta ga komai ba, ta yaya zai sani? Za ta ce, kai, iska mai daɗi. Za ta ce haka ko tana gani ko ba ta gani, don kada uwarta ta karaya, ya san ta. Kore ne ko'ina, wardi can, wake can, mai ido da marar ido duk sun san haka. Amma baƙi a kan amyar gilashi… wannan ba ta san da shi ba. Wannan sai an gani.

Zare mabuɗin. A hankali. Bar ƙullin yadda yake.

Matsa gefe, jikinka yana tarewa.

Jan ya tafi daga tagar. Rami ne baƙi yanzu, da wani fari-fari a ciki… biyu. Babba da ƙarami. Babban yana riƙe da ƙaramin. Tabarau, tabarau, yana can kan kundi, kan farin shafi. Ba ya ganin fuska. Ba ya ganin komai sai fari biyu.

Bai isa ba. Ƙyalle ɗaya daga wannan nisa, ga idon da ya daɗe a rufe? Zaro sauran. Duka. Jiƙaƙƙu, a cukurkuɗe. Rataya su a kan sanda, ɗaga sama. To da me za ka tsaya? Dafa amyar. Su harba in za su harba.

Duba, Damaris. Dubi abin da ubanki ya yi. Ki gani ki ji haushi, ki ƙi yi mini magana har kaka, ki ba 'ya'yanki labari a gabana ina zaune. Ki kira ni tsohon banza. Ki gani dai.

Ƙaramin farin ya motsa. Ya sunkuyo. Wani abu ya ɗago daga jikinsa, hannu ne… tana kare haske ne? Nuni take yi? Ko laluben bakin tagar take?

Ba a ce komai ba tukuna. Zuma kawai, a kunnensa, a wuyansa. Kafaɗar tana ci kamar wuta, sandar tana karkata, ya sake miƙe ta.

Kada ka sauke. Ɗan ƙara kaɗan. Yanzu za ta yi magana… yanzu…